Asmar Yara: Kada Kasuwa Ta Ci Gaba Da Zaɓa Wa Likita Magani

Duk ɗan kasuwar da Allah ya ba ɗa mai ciwon asma ya san irin daren nan da ba a rintsawa. Yaro na zaune a bakin gado yana kokawa da numfashi, ƙirjinsa na fito, uwa na laluben inhela a cikin duhu, maigida kuwa na lissafin ko man da ke cikin mota zai kai su asibiti. Idan gari ya waye yaro ba zai je makaranta ba, shago ma ba zai buɗe a kan lokaci ba. Wannan asara ce wadda ba ta shiga littafin ciniki, amma daga aljihu take fita.

Ciwon ba na gida ɗaya ba ne. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a shekarar 2019 mutum miliyan 262 ne ke fama da asma a duniya, kuma ta yi sanadin mutuwar mutum 455,000 a wannan shekara, akasarinsu a ƙasashe masu ƙaramin ƙarfi. Wani binciken da likitocin ƙasar nan suka wallafa a 2019 ya ƙiyasta cewa masu ciwon a Nijeriya sun kai kimanin miliyan 13. Wannan adadi ya isa ya sa duk mai harkar magani, da mai harkar inshora, da mai ɗaukar ma'aikata, su ɗauki maganar da muhimmanci.

Asma kumburi ne na hanyoyin da iska ke bi a cikin huhu. Idan ƙura ko hayaƙi ko sanyi ko mura suka taɓa su, sai su ƙara kumbura, su tsuke, majina ta taru, numfashi ya sarƙe. Saboda haka inhela iri biyu ce. Akwai ta gaggawa, mai ɗauke da salbutamol, wadda aka fi sani da sunan Ventolin, aikinta buɗe hanyar iska cikin 'yan mintoci, sai dai ba ta taɓa kumburin. Akwai kuma ta kullum, mai ɗauke da sinadarin sitiroyid irin su bekulometason da budesonid da fulutikason, wadda ake shaƙa safe da yamma ko da yaro na cikin ƙoshin lafiya, domin ita ce ke kwantar da kumburin. A kan wannan babu jayayya tsakanin likitoci: sitiroyid na shaƙa shi ne ginshiƙin jiyyar asma.

Inda magana take shi ne mataki na gaba. Akwai yaran da ke shaƙar sitiroyid kaɗan a kullum amma tari bai bar su barci ba, ba sa iya wasa da tsaransu, kuma ciwon na tashi a kai a kai. Ga yaro ɗan shekara 6 zuwa sama, hanyoyi uku ne aka saba bi. Ta farko ita ce a ƙara yawan sitiroyid ɗin. Ta biyu ita ce a haɗa masa maganin buɗe hanyar iska mai dogon aiki, wato salmetarol ko fomoterol, wanda ke ɗaukar kimanin awa 12 yana aiki, a cikin inhela guda da sitiroyid ɗin, kamar yadda yake a Seretide da Symbicort da takwarorinsu na kamfanonin Indiya. Ta uku ita ce a ƙara masa ƙwayar montelukas sau ɗaya a rana, wadda kamfanin Merck ya fara sayarwa da sunan Singulair a 1998.

Waɗannan hanyoyi uku magunguna ne a wurin likita, amma a wurin ɗan kasuwa hajoji ne guda uku, kowace da farashinta, da ribarta, da wahalar shigo da ita. Abin da ke faruwa a ƙasar nan shi ne, hajar da ta fi sauƙin samu da saurin fita ita ce ke zama maganin yaro, ko da kuwa ita ce ta ƙarshe a ma'aunin bincike.

Ma'aunin kuwa akwai shi. A shekarar 2010 mujallar likitoci ta New England Journal of Medicine ta wallafa sakamakon wani gwaji da aka yi a Amurka, wanda aka yi wa laƙabi da BADGER. An ɗauki yara 182 'yan shekara 6 zuwa 17 waɗanda asmarsu ta ƙi lafawa duk da suna shaƙar fulutikason maikurogiram 100 sau biyu a rana. Kowane yaro aka bi da shi ta hanyoyin nan uku ɗaya bayan ɗaya, mako 16 a kan kowace, ba tare da shi ko likitansa sun san wadda ake kai ba. An duba yawan tashin ciwon, da yawan ranakun da yaro ya yini lafiya, da ƙarfin fitar numfashinsa.

Sakamakon ya nuna abubuwa biyu. Na farko, haɗa salmetarol shi ne ya fi yawan zuwa na ɗaya: damar da yake da ita ta zama mafi dacewa da yaro ta kai ninki 1.6 idan aka kwatanta da montelukas, ninki 1.7 kuma idan aka kwatanta da ƙarin sitiroyid. Na biyu, wanda aka fi mantawa da shi, daga cikin yara 165 da aka iya auna sakamakonsu, 161 sun nuna bambanci a fili tsakanin hanyoyin, kuma da yawa daga cikinsu ƙarin sitiroyid ko montelukas ne ya fi yi masu aiki. Ma'ana, akwai hanyar da ta fi dacewa a fara da ita, amma babu hanyar da ta isa a rufe sauran saboda ita.

Akwai kuma wani abu a cikin binciken wanda ya shafi ƙasar nan kai tsaye. Yara baƙar fata da ke cikin gwajin sun amfana da ƙarin sitiroyid kusan daidai da yadda suka amfana da salmetarol, kuma montelukas shi ne wanda ya fi ƙarancin zuwa na ɗaya a wurinsu. Wannan yana daga cikin abin da ya sa aka shirya wani gwajin na musamman mai suna BARD, wanda mujallar nan ta wallafa a 2019, aka ɗauki yara 280 'yan shekara 5 zuwa 11 da matasa da manya 294, dukkansu masu aƙalla kaka ɗaya baƙar fata. A wurin matasa da manya, haɗa salmetarol ya yi rinjaye ƙwarai. A wurin ƙananan yaran kuwa kunnen doki aka yi: kashi 46 daga cikin ɗari sun fi samun sauƙi da aka ninka masu sitiroyid sau biyar, kashi 46 kuma sun fi samun sauƙi da aka ninka shi sau biyu aka haɗa da salmetarol.

A Amurka aka yi waɗannan gwaje-gwaje, kuma yaron Legas da ke shaƙar hayaƙin janareto da na motoci, ko na Kano da ke shan ƙurar hunturu, yanayinsa daban ne. Masu binciken BARD ma sun gano cewa yawan jinin Afirka a jikin mutum bai nuna maganin da zai fi yi masa aiki ba. Duk da haka darasin a bayyane yake: ga yaro ɗan firamare, inhelar sitiroyid zalla mai ɗan ƙarfi ba koma-baya ba ce, kuma ƙwayar montelukas ba ita ce ya kamata a fara miƙa wa uba ba don kawai tana kan kanta.

Kowace hanya tana da nata lahani, kuma mai sayarwa na gari ya kamata ya san su kamar yadda ya san farashi. Sitiroyid na shaƙa yana ɗan rage saurin tsawon yaro; wani dogon bincike da aka wallafa a 2012 ya nuna cewa yaran da suka yi shekaru suna shaƙar budesonid sun girma da ragin kimanin santimita 1.2 a tsayinsu. Ragi ne kaɗan idan aka auna shi da haɗarin rasa rai, amma shi ya sa ba a ƙara sitiroyid da ka. Salmetarol da fomoterol kuwa haɗarinsu yana wurin shaƙarsu su kaɗai ba tare da sitiroyid ba, abin da kan rufe alamun ciwo alhali kumburi na ci gaba a ciki. An daɗe ana ɗari-ɗari da su, har sai da aka yi gwaji a kan yara 6,208 'yan shekara 4 zuwa 11, aka wallafa a 2016, wanda ya nuna cewa idan an haɗa su da sitiroyid a inhela guda ba sa ƙara munanan aukuwa. A Disambar 2017 hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka ta janye babban gargaɗin da ta sa a kan irin wannan haɗi.

Montelukas kuwa tafiyarsa ta zama akasin haka. A watan Maris na 2020 hukumar nan ta Amurka ta sa masa gargaɗi mafi tsanani da take sa wa magani, saboda rahotannin munanan mafarkai, da rashin barci, da saurin fushi, da damuwa, har da tunanin kashe kai a wurin wasu masu shansa. Wannan bai mayar da shi haramtacce ba. Akwai yaran da yake yi wa amfani sosai, musamman masu yawan atishawa da yoyon hanci tare da asma. Amma magani ne da ya kamata likita ya rubuta, ya kuma gaya wa iyaye abin da za su lura da shi. Uban da ya saya a kemis bisa shawarar maƙwabci, idan ɗansa ya fara firgita cikin dare, zai fi zargin iska ko maita kafin ya zargi ƙwayar.

Akwai wasu magunguna a gefe. Tiyotirofiyam na shaƙa, wanda Amurka ta amince a ba yara daga shekara 6 a 2017, ana ƙara shi ne idan matakan farko sun gaza. Allurai na zamani irin su Xolair na masu asma mai tsanani ne, kuma kuɗinsu ya fi ƙarfin yawancin gidaje. Tiyofilin da salbutamol na sha, waɗanda har yanzu suna tafiya a kantuna saboda araha, ƙa'idojin jiyya na duniya sun daina ba da shawarar amfani da su ga yara, domin lahaninsu ya rinjayi amfaninsu. Ga yara 'yan ƙasa da shekara 6 kuwa, abin da ƙa'idojin suka fi gabatarwa shi ne ninka sitiroyid ɗin da ake shaƙa.

To me ya sa kasuwa ta karkata ga ƙwaya da sirof? Dalilin lissafi ne. Haƙƙin mallakar montelukas ya ƙare a Amurka a 2012, kamfanoni barkatai suka shiga yin sa, farashi ya faɗi. Ƙwaya ba ta da nauyi, ba ta buƙatar a koya wa kowa yadda ake shanta, kuma ana iya sayar da katin kwana 10 ga wanda kuɗinsa bai kai na wata ba. Inhela kuwa ba a gutsura ta. Na'ura ce da ke buƙatar masana'anta ta musamman, kusan dukkanta daga Turai ko Indiya ake shigo da ita, kuma sai an biya kuɗinta gaba ɗaya. Ɗan sari da ke son jarinsa ya juya da sauri ba zai so ya tara hajar da za ta zauna a kanta har wa'adinta ya ƙare ba. Ba mugunta ba ce, haka ciniki yake.

Abin da ya faru daga 2023 ya ƙara tsananta al'amarin. A watan Yunin shekarar aka saki Naira ta nema wa kanta daraja a kasuwar musaya. Dalar Amurka da ake saya a kan kimanin Naira 460 a farashin gwamnati ta haura Naira 1,500 a farkon 2024. A watan Agustan 2023 kamfanin GlaxoSmithKline, mai Ventolin da Seretide, ya ba da sanarwar daina gudanar da harkokinsa kai tsaye a Nijeriya bayan fiye da shekara 50, ya koma amfani da dillalai. Inhela ta yi wuyar samu, farashinta ya ninka sau da yawa cikin 'yan watanni. A ƙasar da fiye da kashi 70 daga cikin ɗari na kuɗin jiyya daga aljihun majiyyaci yake fita, kuma mafi ƙarancin albashin da aka amince da shi a Yulin 2024 Naira 70,000 ne a wata, ba sai an tambayi abin da iyaye suka yi ba. Wasu sun koma ƙwaya, wasu sun mayar da inhelar kullum ta sai ciwo ya tashi, wasu sun bar ta baki ɗaya.

A nan ne lissafin araha ke yaudarar mutum. Inhela mai shaƙa 120, idan yaro na yin biyu da safe biyu da yamma, wata ɗaya take yi, wato guda 12 a shekara; duk ƙarin Naira 1,000 a kan farashinta ya zama Naira 12,000 a kan uba. Wannan shi ne abin da ake gani. Abin da ba a gani shi ne kuɗin kwanciya asibiti idan ciwon ya tashi: gado, da iskar oksijin, da allurai, da mota cikin dare, da ranakun da uba ko uwa suka bar sana'a, da zangon karatun da aka biya kuɗinsa yaro bai zauna a aji ba. Maganin da ya fi araha a wata yana iya zama mafi tsada a shekara idan bai hana tashin ciwo ba. Hausawa sun ce araha ba ta ado, kuma a harkar numfashi abin ya wuce batun ado.

Wani zai ce duk wannan magana ce ta masu hali, domin yawancin yaran ƙasar nan ko matakin farko ba su taka ba. Akwai gaskiya a cikin wannan. Wani binciken da aka yi a makarantun birane shida na Afirka, ciki har da Legas da Kumasi, aka wallafa a 2024, ya nuna cewa kusan huɗu daga cikin biyar na ɗaliban da ke da alamun asma ba a taɓa gaya masu sunan ciwonsu a asibiti ba. Amma wannan hujja ce da ke ƙarfafa maganar. Inhelar sitiroyid zalla ita ce matakin farko, ita ce kuma ɗaya daga cikin hanyoyi uku na mataki na gaba. Ɗan kasuwar da ya wadata ƙasa da ita a farashi mai sauƙi ya biya buƙatar yaron da bai fara jiyya ba da ta wanda ke neman ƙari a lokaci guda, kuma adadin nan na waɗanda ba a gano ba shi ne girman kasuwar da ke jiransa.

Kafin a kai ga ƙarin magani ma akwai abin dubawa wanda ba ya cin kuɗi. Yara da yawa da ake cewa magani ya ƙi su, ba sa shaƙarsa a kullum, ko kuwa maganin yana tsayawa ne a baki da maƙogwaro saboda rashin iya shaƙa. Maganin wannan shi ne ɗan bututun nan da ake sa wa tsakanin inhela da bakin yaro, wanda ake kira sifesa. Likitocin yara a birnin Kef Tawun na Afirka ta Kudu sun nuna tun 1999 cewa gorar roba mai cin rabin lita, idan an gyara ta yadda ya kamata, tana aiki kamar sifesar kanti. Kaya ne na roba wanda masana'antun Legas da Kano da Aba ba za su kasa yi ba. Haka nan hayaƙin itace, da na maganin sauro, da turaren wuta a ɗakin da yaro ke kwana, da janareto a bakin taga, duk suna rushe aikin magani komai tsadarsa.

Saboda haka akwai aiki a gaban kowa. Masu shigo da magani su dubi kamfanonin Indiya da sauran masu yin inhela mai rajista da hukumar NAFDAC, su riƙa kawo sitiroyid zalla a matakan ƙarfi daban-daban tare da inhela mai haɗi, maimakon dogaro da suna ɗaya wanda ficewar kamfani guda za ta iya ɗauke shi daga kanta. Haɗin budesonid da fomoterol yana cikin jerin muhimman magunguna na Hukumar Lafiya ta Duniya, kuma ana iya amfani da inhela guda ta wannan haɗi a matsayin ta kullum da ta gaggawa bisa umarnin likita, abin da ke rage wa uba sayen na'ura biyu. 'Yan sari na Idumota da Onica da cibiyar Kanawa ta Ɗangwauro su sani cewa duk hajar da ta yi tsada ta kuma yi wuya, masu jabu na biye da ita, kuma inhelar jabu ba a gane ta sai a daren da ake buƙatarta.

Gwamnatin Tarayya ta sa hannu a watan Yunin 2024 a kan umarnin ɗauke harajin kwastan da na sayen kaya daga injuna da kayan haɗa magunguna na tsawon shekara biyu. Mataki ne mai kyau ga masu masana'antu, amma ƙwaya da sirof su ne abin da masana'antun gida suka fi yi, inhela kuwa a gama ake shigo da ita. Ya kamata a ware ta a yi mata sassauci na musamman a tashar jiragen ruwa, a kuma haɗa buƙatun asibitocin gwamnati wuri guda a saya da yawa, domin mai sayen kwantena ba ya biyan farashin mai sayen katan.

Kamfanonin inshorar lafiya su ma suna da rawar takawa, musamman tun da dokar 2022 ta wajabta inshorar lafiya ga kowane ɗan ƙasa. Kamfanin da ke biyan kuɗin kwanciya asibiti amma yana jan ƙafa wajen biyan kuɗin inhela mai haɗi, kansa yake cuta, domin ya ƙi biyan ƙaramin kuɗi ne ya jira babba. Mai masana'anta ko mai kamfanin sufuri da ke yi wa ma'aikatansa inshora yana da ikon tambaya, kafin ya sa hannu, ko yarjejeniyar ta ƙunshi hanyoyin nan uku, domin ma'aikacin da ɗansa ya kwana yana numfashi lafiya shi ne ke zuwa aiki a kan lokaci.

Abin da binciken ya koyar shi ne a gwada hanya ɗaya na wata biyu zuwa uku, a koma wurin likita a auna, idan ba ta yi ba a sauya zuwa wata kafin a hau matakin da ya fi tsada. Wannan tsari ba zai yiwu ba sai hanyoyin uku suna kan kanta a lokaci guda, a farashin da mai albashi zai iya biya wata bayan wata. Likita ne ya san ƙirjin yaro, amma ɗan kasuwa ne ke yanke abin da likita zai samu ya rubuta, kuma yaran da ke jiran wannan shawara suna cikin gidajen 'yan kasuwar su kansu.